Daga Zango zuwa Tabkin Cadi: malamin gona da gonar da ke bin ruwa

Duk wanda ya yi maganar tsibiri a Damagaram, dariya za a yi masa. Gari ne na duwatsu da rairayi, ƙishirwarsa ta yi suna a faɗin Nijar, ƴan ga-ruwa kuma sun fi masu unguwanni sanin lungunansa. Amma ɗan kasuwar Zango da ya san hajarsa ba zai shiga cikin masu dariyar ba. Bandar kifin da ake sauke masa cikin kwalaye, da buhunan jan tattasai, da kanwar da makiyaya ke saye, daga gabas suke fitowa: ƙasar Manga, bakin Komadugu, da Tabkin Cadi. Gaskiya ne kaso mafi tsoka na wannan kaya Najeriya yake wucewa, sai dai abin da ya biyo ta Damagaram ma yana ciyar da gidaje masu yawa, tun daga mai gingimari har ɗan dako.

Hulɗar ba ta yau ba ce. Zango, kamar yadda sunansa ya nuna, masaukin ayari ne a bayan ganuwar Birni, wadda Sarki Tanimun ya ɗaukaka a tsakiyar ƙarni na 19. A nan Buzaye suke durƙusar da raƙuma, a nan attajirai irin su Malam Yaro suka yi ciniki da fataken Turabulus. A wancan zamani Kukawa sarakunan Damagaram suke kai gaisuwa, fadar Shehun Barno da ke kusa da tabkin. Daga can Bajamushen nan Heinrich Barth ya taso ya sauka Damagaram a ƙarshen 1852, bayan abokin tafiyarsa Adolf Overweg ya zagaya tsibiran Buduma a 1851, cikin wani jirgin ruwa da aka ratso Sahara da shi gunduwa-gunduwa bisa raƙuma. Ashe idon Zango ya daɗe yana kallon gabas. Abin tambaya shi ne ko malaman gona da ƙasa ke horarwa su ma suna kallon can, in kuma an tura su, da wane ilimi suke isa.

Daga Damagaram zuwa Difa tafiyar kilomita 470 ce ko kusa da haka, a ƙara wajen 130 a kai Gigimi, inda kwalta take ƙarewa. Tun kafin matafiyi ya wuce Mirya zai ga abin da ya kamata kowane ɗalibin aikin gona ya gani: gawo a tsakiyar gonakin hatsi, tsofaffi da matasa, birjik. Bayan farin 1984 manoman Mirya da Magarya da Matamai suka shiga barin tohon itace a gonakinsu, suna sassabe masa suna renonsa maimakon su tumɓuke shi. Gawo yana zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya yi wa hatsi inuwa, ganyen kuma taki ne, ƴaƴansa abincin bisashe ne da rani. Sai a shekarun 2000 masu bincike suka gwada hotunan sama na da da na yanzu, suka ƙiyasta eka miliyan ɗaya a waɗannan gundumomi uku kaɗai, kimanin miliyan 5 a ƙasa baki ɗaya. A wajen Maraɗi wani furoje ya taimaka wa wannan dabara ta yaɗu. A nan kudancin Damagaram galibi manoma ne suka koya wa juna. Ma'aikacin gandun daji, wanda talaka ya fi saninsa da takardar tara, daga baya ya zo ya tarar da aikin ya yi nisa. Mai karatu ya riƙe wannan, zai yi amfani a gaba.

Bayan Gidimuni, mai tabki da dabino da rake, wanda aka sa cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2019, ƙasa takan soma canza kama. Gonaki su ragu, tuddan rairayi su ƙaru. Daga Gure zuwa Gudumariya da Maine Sorowa mutum yakan yi tafiya mai nisa bai ga komai ba sai fari fat, can sai ƙasa ta lotsa, kore ya bayyana a ƙasan rami kamar an kife ƙwarya an buɗe. Waɗannan su ne kwaruruka na ƙasar Manga, kuma in akwai tsibiri a jihar Damagaram, to su ne, sai dai tekunsu na yashi ne. Tsarinsu kusan iri ɗaya ne: goruba a baki tana tare iska, dabino a bayanta, sannan lambunan rogo da dankali da albasa da rake, a can tsakiya kuma farin fili ko ɗan tabki inda ake haƙar kanwa. Ruwa yana kusa a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa komai ke rayuwa. Abokan gaba biyu ne: tudun rairayi mai tafiya da ke binne bakin kwari, da gishirin da ke hawowa ya ƙone tsakiya in an yi ban ruwa ba bisa ƙa'ida ba.

A nan an yi aikin koyarwa na gaske. Furojen yaƙi da binnewar kwaruruka, wanda aka fi sani da PLECO, ya yi aiki a Gure da Maine Sorowa daga 2010 da kuɗin Majalisar Ɗinkin Duniya da asusun muhalli na duniya. Dabarar ba ta da wuyar faɗa: a kafa shingen kalimbo ko na kaba a kan tudu, layi-layi masu gicciye juna, iska ta rage ƙarfi, a dasa itace a tsakani, a hana bisashe shiga har shekara biyu ko uku. Wuyar tana wajen tsaro. Shingen da aka biya mutane suka kafa, in furoje ya naɗe tabarmarsa, wa zai gyara shi? Ma'aikacin da ya iya auna tazarar shinge amma bai iya zama da mai gari da makiyaya a daidaita kan ranar buɗe wurin ba, rabin aikin kawai aka koya masa.

Daga Maine Sorowa hanya takan kusanci Komadugu Yobe, kogin da ya raba Nijar da Najeriya, wanda tushensa ke can wajen Kano da Jos. Madatsun Tiga, na 1974, da Calawa, na 1992, sun rage masa ƙarfi, amma a bakinsa ne Mobar suke noma tattasan da ya sa Difa ta yi suna. Sai Gigimi. Dattawan garin sun ga lokacin da ruwa yake kusa da gidaje, jirage suna tsayawa a bakin gari. A farkon shekarun 1960 faɗin tabkin ya kai murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 ya raba shi biyu, wani tudu mai ciyayi ya fito a tsakiya ya tsare tsakanin kwarin kudu da na arewa. Rabon Nijar duka yana cikin na arewa. Da farin 1984 ya zo, abin da ya rage na buɗaɗɗen ruwa bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba, kuma an yi shekaru da dama ɓangaren Nijar bai ga ruwan kirki ba. Sai a ƙarshen shekarun 1990 ya soma dawowa a kai a kai.

Maganar da ake yawan maimaitawa a tarurruka, wai tabkin yana gab da ɓacewa, ba ta dace da abin da aka auna ba. Tabkin yana numfashi ne, ya cika ya janye, a cikin shekara da kuma tsakanin shekaru. Wani babban nazari da cibiyar bincike ta Faransa IRD ta yi wa Hukumar Tabkin Cadi, aka fitar a 2014, ya nuna mutum wajen miliyan 2 ne suke zaune a bakinsa da tsibiransa, abincin da suke fitarwa kuma yana kai wa ga wasu miliyan 13. Janyewar ruwan ma ita ta buɗe ƙasa mai laka da taki, wadda ta jawo Hausawa ƴan cin rani da masunta, suka zauna tare da Buduma da Barebari da Fulani da Larabawa a wurare irin su Doro Lelewa da Gadira da Karamga.

Noman tsibiri yana da nasa kalanda. Ruwan sama a Gigimi ɗan kaɗan ne, wajen milimita 200 a shekara, ba ya isar masara. Ruwan da manomin tsibiri yake jira a Afirka ta Tsakiya da kudancin Cadi yake sauka, ya biyo kogin Shari da Logon, waɗanda ke kawo kashi tara cikin goma na ruwan da koguna ke zubawa a tabkin. Yakan wuce Njamena wajen Oktoba da Nuwamba, ya cika kwarin kudu, in ya yi yawa ya tsallake tudun tsakiya ya iso arewa cikin sanyin hunturu. Yayin da manomin Mirya ya gama sussuka ya zauna, a lokacin ne na tsibiri yake ɗaura ɗamara. Da farko su ne: kalli, da ƙugiya, da gura da ake jerawa a tare mashigar ruwa, abin da ake kira dumba, a kama tarwaɗa da karfasa, a banda. Ruwa na ja da baya sai a bi sawunsa da sanda ana shuka masara da wake a danshi, ba garma, ba injin ban ruwa, sau da yawa ba takin zamani. Bayan girbi a saki shanu su ci kara da ciyawa. Fili ɗaya, sana'a uku, sau da yawa gida ɗaya ke yin su duka. Gonar bana kuma ba lalle ta zama ta baɗi ba, domin iyakarta tana inda ruwa ya tsaya.

To ga inda gizo yake saƙa. Makarantar da ta fi kowace horar da malaman karkara a Nijar ita ce IPDR ta Kollo, kilomita 30 da ɗoriya daga Yamai, a bakin kogin Kwara, tsakanin gonakin shinkafa na ban ruwa da gonakin hatsi na tudu. Daga can zuwa Gigimi kusan kilomita 1,500 ne. Ɗalibi yakan fito a reshe guda: noma, ko kiwo, ko gandun daji, ko gine-ginen karkara. Haka ma'aikatun suke a rarrabe, kifi ma yana hannun ƴan gandun daji. Lissafin hukuma kuwa kaka biyu ya sani, noman damina da noman rani na ban ruwa, wanda gwamnatin Seyni Kunce ta ƙarfafa bayan yunwar 1984. Noman da ke bin janyewar ruwa bai zauna daidai cikin ko ɗaya ba. Sakamakon shi ne mutumin tsibiri yana bukatar ma'aikata uku kafin a amsa masa tambaya ɗaya, misali ko maganin ƙwarin da zai fesa wa wakensa zai kashe kifin da zai kama a wurin nan bayan wata biyar, ko ya cutar da saniyar da za ta ci harawar. Wannan ba laifin malaman Kollo ba ne. An gina makarantar domin yawancin ƙasa, yawancin ƙasa kuwa tudu ne.

Ilimin da bai karanci tabkin ba ya riga ya yi ɓarna, kuma shaidarta tana nan. A Najeriya an kashe dukiya mai yawa a shekarun 1970 kan babban shirin ban ruwa na kudancin tabkin, a wajen Marte, mai niyyar shayar da dubban ekoki na alkama da shinkafa. Ruwa ya janye ya bar bakin magudanar a busasshiyar ƙasa. A ɓangaren Nijar kuma, wata ƙaya ƴar Amurka ta Kudu mai suna furosofis, da aka shuka a 1977 a ɗan fili kaɗan don tsayar da rairayi, bisashe suka ci ƴaƴanta suka watsa irin a busasshen gindin tabki. Cikin shekara ashirin da ƴan kai, bisa ƙiyasin hukumar FAO, ta rufe fiye da eka 300,000. Tana ba da gawayi da itacen banda, kifi yana haihuwa a saiwoyinta in ruwa ya zo, amma tana tare hanyar kwalekwale, tana yaga kalli, tana cinye gona, daga baya kuma ta zama maɓoyar ƴan bindiga. Wanda ya dasa ta da kyakkyawar niyya ya yi. A can gabar Cadi, wajen Bol, abin ya sha bamban: Kanembu sun daɗe suna toshe hannun tabki tsakanin tuddai biyu, ruwa ya ƙafe su noma alkama da masara, in gishiri ya taru su buɗe ruwa ya wanke. Kamfanin gwamnati SODELAC da aka kafa a 1967 a kan wannan tsohuwar dabara ya ɗora nasa ginin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da malamin gonar tsibiri ya kamata ya iya ba wani sihiri ba ne. Na farko, karatun ruwa. Tun da ambaliya tana wuce Njamena makonni da dama kafin ta iso ɓangaren Nijar, ana iya sanin ko bana za ta yi yawa ko za ta gaza, a gaya wa mutane su tanadi kalli ko su tanadi iri, su shuka a sama ko su gangara. Hukumar Tabkin Cadi, wadda Nijar da Najeriya da Kamaru da Cadi suka kafa a 1964, tana tara irin waɗannan alƙaluma. Cibiyar Agrhymet ta Yamai tun 1974 take horar da masanan ruwa da yanayi. Abin da ya rage shi ne labarin ya sauko daga kwamfuta ya shiga rediyo da wayar salula cikin Barbarci da Budumanci da Hausa. Sannan ya san ƙasa mai kanwa da ido da harshe, ya san irin masara mai saurin nuna da za ta tsere wa bushewar danshi, ya san haɗin ƴaƴan dogon yaro da barkono da sabulu da ke korar ƙwari ba tare da guba ta shiga ruwa ba. Buhun nan mai riɓi uku, wanda jami'ar Purdue ta Amurka da INRAN ta Maraɗi suka yaɗa tun 2007, yana ajiye wake watanni ba hoda ba magani. A wurin da rumbu ba ya tsayuwa saboda ruwa, ƙaramin abu ne mai babban amfani. Haka zancen banda: masu zuba maganin ƙwari a kifi don kada ya yi tsutsa a hanya, cikin mai saye a Zango da Kano suke zuba shi, kuma tanda mai kyau da shanya mai kyau sun fi wa'azi hana wannan.

Mafi wuya shi ne rabon fili. Dokar karkara ta 1993 da kwamitocinta na filaye an tsara su ne don gona mai iyaka da burtali mai alama. A gindin tabki, inda masunci da manomi da makiyayi suke jiran wuri guda kowa da watansa, kwana goma na jinkiri ko gaggawa ya isa ya haddasa faɗa. Malamin da ba ya jin harshen mutanen, wanda ya karɓi takardar afektasiyo zuwa gabas kamar hukunci yana ƙirga ranar komawa, ba zai raba wannan gardama ba. Ma'aikatan da ke karanta wannan shafi sun san yadda ake kallon Gigimi a ofisoshin Yamai.

Hanyar koyarwar ma akwai ta a hannu. Makarantar manoma a gona, wadda FAO ta soma a 1989 a Indunusiya, ƙasa mai tsibirai fiye da 17,000, ta daɗe da shigowa Nijar. Manoma ashirin da ƴan kai suke haɗuwa mako-mako tsawon kaka guda, su raba fili biyu, ɗaya a yi yadda aka saba ɗaya a gwada sabon abu, su duba da idonsu su yanke hukunci. Malami a nan mai jan zance ne, ba mai ba da umarni ba, kuma duk wanda ya yi kaka guda a haka yakan fito ya san abin da bai zo da shi ba. Irin darasin gawon Mirya ke nan. Bukatar ba ta tabki kaɗai ba ce: a yamma, gundumar Tilaberi tana da karkarar Sinder, takwarar Zinder a kunne, wadda yawancinta tsibiran kogi ne, ga kuma tsibirin Lete da kotun duniya ta tabbatar wa Nijar a 2005.

Duk wannan yana da sauƙin rubutawa a kan takarda, amma tsibiran sun sha wuta. Ranar 6 ga Fabrairun 2015 Boko Haram ta kai hari Boso da Difa, aka kafa dokar ta-ɓaci. Ranar 25 ga Afrilu aka afka wa Karamga, gwamnati ta ce soja 46 da farar hula 28 suka rasu. Kwanaki kaɗan bayan haka aka umarci kowa ya bar tsibiran. Fiye da mutum 25,000 suka fito, da yawa a ƙafa cikin zafin bazara, suka bar kwalekwale da shanu da amfanin gona. Aka hana cinikin kifi da na tattasai don toshe wa ƴan bindiga hanyar kuɗi, aka hana hawa babur, aka ƙuntata sayen taki da man fetur. Ba a ɗage hanin tattasai ba sai a 2017, na kifi sai 2019. Ƴan kasuwar Zango ba sa bukatar a tuna musu yadda farashi ya yi a waɗannan shekaru. Asarar da ba a ƙirga ba ita ce ta ilimi: yaron da aka fito da shi yana ɗan shekara takwas ya girma a sansani a bakin kwalta, bai taɓa bin mahaifinsa shuka a danshi ba, bai san alamar zuwan ruwa ba, bai san yadda ake ratsa da shanun Kuri, masu ƙahon nan kamar tulu, daga tsibiri zuwa tsibiri suna iyo ba. Garken Kuri na gwamnati yana Sayam, kusa da Difa, amma masu sanin halinsu tsufa suke yi.

Waɗannan samari su ne suka fi cancanta a horar. Jami'ar Difa, wadda aka kafa a 2014, tana da tsangayar kimiyyar noma da cibiyar nazarin muhalli, kuma ita ce makarantar ƙoli ta Nijar mafi kusa da tabkin. Hukumar ba manoma shawara, APCA, an kafa ta a 2017 don ta haɗa kan masu wannan aiki, na gwamnati da na ƙungiyoyin manoma. Ɗan tsibiri mai takardar firamare ko ta kwaleji, in aka ba shi wata shida na koyon noma da kiwo da su a haɗe, aka sa dattawan da ke sansani cikin masu koyarwa ana biyansu kamar kowane malami, zai iya shiga inda ma'aikaci mai kaki ba zai shiga ba, kuma ba zai nemi a mayar da shi gida ba, gida yake. Attajiran da ke ba masunta da manoman tattasai bashi kafin kaka suna da hannu a wannan. Kuɗin horar da yaro guda bai kai asarar lodi ɗaya na kifin da ya lalace ba.

Ruwan kuwa bai jira kowa ba. A 2019, da 2022, da 2024, Komadugu ya yi ambaliya ya ci gonakin tattasai da gidaje a Difa, tabkin ya cika ya shiga wuraren da aka yi shekaru ana nomawa. Waɗanda suka lallaɓa suka koma tsibiran, duk da haɗari da harajin ƴan bindiga, sun tarar da tambayar ta juya: da ƙarancin ruwa ake kuka, yanzu sai an san inda za a tsayar da bukka da inda za a ɗaga jinga. Kayan aikin da aka saba ba malamin gona a Nijar shi ne babur. Daga Gigimi zuwa Gadira, a shekarar da ruwa ya cika, sai da kwalekwale da mai tuƙi wanda ya san hanya a cikin ƙaya.